Kwalba Ɗaya, Mutum Goma

Shekarun baya, a shekarar da aka sake buɗe hanyar Hajji bayan korona ta rufe ta, na shara wata ƙarya a majalisarmu ta gindin darbejiya, ƙaryar nan ta kusa hana mahaifiyata zuwa Makka. Yanzu ta zama abin tsokana a gidanmu, duk wanda ya ga dama sai ya ɗauko ta ya goga min. A lokacin kuwa ban ga abin dariya ba, takaici na sha har na ƙoshi.

Mu mutanen bakin Tiga ne, cikin waɗanda ruwa ya tashi kakanninsu lokacin da aka yi dam. Mahaifina masunci ne, mahaifiyata kuma tun ina goye take suyar kifi. Tare suka yi niyyar sauke farali, tare aka rubuta sunayensu, sai annoba ta shigo aka ce kowa ya zauna inda yake. Kafin a sake buɗe hanya mahaifina ya rasu. Don haka da aka ce bana za a tafi, duk gidan muka ɗauki abin da zafi, don mun ga yadda jira ya ƙare da mutum ɗaya.

Sharaɗin shi ne katin rigakafin korona. Allura biyu ce, da makonni a tsakaninsu. Jami'in da ke kula da maniyyatan yankinmu ya faɗa min ƙarara ranar wata Litinin: duk wanda bai kawo shaidar ta farko ba zuwa Juma'ar makon gaba, ta biyu ba za ta same shi kafin jirgi ya tashi ba, sai dai a ba wani kujerarsa. Na ce a raina wannan ai abu ne mai sauƙi. Ni ne ɗan bokon gidan, ina koyarwa a wata firamare wajen Tudun Wada, duk abin da ya shafi takarda ko asibiti ni ake miƙa wa.

Na ce wa mahaifiyata ta shirya mu shiga Kano a yi mata a wuce wurin. Ta ce ba inda za ta.

"Inna, minti biyar ne fa."

"Ko minti ɗaya ne. Haka kawai in miƙa hannuna ga wanda ban san asalinsa ba? Ga yarinyar nan ta asibitinmu, na san uwarta, na san kakarta. In huda ni za a yi, ita za ta huda ni."

Na yi lallashi, na yi wa'azi, har ƙanwarta na ɗauko ta sa baki. Kamar da turmi nake magana. Na haƙura, na ce to asibitinmu ɗin, ai duk allura ce.

Malamar asibitin nan Talata da Alhamis take zuwa da maganin daga Bebeji, a bayan babur, cikin wani akwati mai ƙanƙara, ga ta da tsohon ciki. Ranar Talata muka yi sammako muka tarar da mutum uku a kan benci. Muka zauna har rana ta take, malama tana ta rubuce-rubucenta, ko kallon akwatin ba ta yi ba. Da na gaji na leƙa.

"Malama, lafiya kuwa? Me ake jira?"

"Mutane ake jira, Malam. Kwalba ɗaya ta mutum goma ce. In na buɗe ta, sa'o'i kaɗan ne ta lalace. Ni kuma huɗu nake gani."

"To ki yi wa huɗun mana, ki zubar da sauran."

Ta dube ni irin kallon da nake yi wa ɗalibin da ya ba da amsar shirme. Ta ce, "Wancan watan na yi wa mutum bakwai, na zubar da na uku. Sai da aka tsayar da ni gaban ma'aikata aka wanke ni tas, aka ce in na ƙara a bakin aikina. Ka kawo min goma cif, ko yanzu ne in tashi."

Haka muka dawo gida hannu rabbana. Ashe ba allura aka aike ni nema ba, mutane aka aike ni tarawa, a garin da rabin mutanensa in suka hango farar riga sai su sauya hanya.

Da la'asar na nufi majalisa, inda masunta ke zama suna ɗinkin koma. Na gyara tsayuwa na yi musu lacca irin ta aji, yadda cutar take, yadda rigakafi ke aiki, har da zane a ƙasa. Suka bar ni na kai aya. Sai abokina, wanda tare muka koyi iyo a bakin dam, ya ɗago kai daga kan komarsa ya ce, "To Malam, duk mun ji. Kai ka yi?"

Nan gizo ke saƙa. Ban yi ba, kuma ba ni da niyyar yi. Shekarata uku da aure a lokacin, matata ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, ga shi duk inda ka juya cewa ake allurar nan tana kashe haihuwa. Da bakina na sha ƙaryata maganar a gaban mutane, kuma in ka tambayi ƙwaƙwalwata za ta ce maka zancen banza ne. Amma zuciyata cewa take, kai da kake nema ba ka samu ba, me ya kai ka gwaji? Ban taɓa faɗa wa kowa ba, har matar tawa.

Na ce, "Ni? Ai tuntuni. A Kano aka yi min, duka biyun."

A lokacin akwai wata ji-ta-ji-ta cewa inda aka yi wa mutum allurar yana kama ƙarfe kamar maganaɗisu. Abokina bai yi wata-wata ba, ya miƙe ya karɓo cokali wajen mai shayi, ya ce in naɗe hannun riga. Na naɗe. Ya manna cokali a dantsena, ya faɗi. Ya goge min gumi da gefen rigarsa ya sake mannawa, ya sake faɗuwa. Wani ya kawo ƙugiya, wani makullin babur, duk suka zube ƙasa. Abokina ya juya ya fuskanci jama'a kamar alƙali ya ce, "Wallahi sharri ake yi wa allurar nan, kun dai gani da idonku." A take mutum biyar suka ce za su zo. Ni kuwa ina tsaye ina murmushin nasara, da hannun da rabonsa da allura tun ina firamare.

Zuwa yammacin Laraba ina da alkawarin mutum goma sha ɗaya, har ina tunanin wa za a bari. Sai hadari ya taso daga gabas, aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya, ruwan shuka na farko a shekarar. Duk wanda ya san manomi ya san ranar shuka ko ɗaurin auren ɗansa ne sai an jira shi. Safiyar Alhamis mutum uku na tarar a benci, har da mahaifiyata. Sauran kowa ya saɓa sungumi ya ɗauki iri.

Na bi su gona da takalmin zuwa makaranta, ina tsoma ƙafa cikin taɓo ina kiran sunaye. Wani dattijo ko ɗagowa bai yi ba, yana jefa iri yana takewa ya ce, "Haba Malam. Korona ta jira mu shekara biyu, ta ƙara kwana ɗaya mana. Danshi ba ya jiran kowa." Na juyo gida ina huci.

Talatar da ta biyo na tara mutum takwas, ina da biyu a hanya. Muka zauna har azahar, malama ba ta zo ba. Sai can ta kira ni a waya ta ce an riƙe su taro a Bebeji, in ba mutane haƙuri. Ita aka riƙe, amma ni aka zaga. Wata tsohuwa ta ce na sa ta bar kifinta a cikin ruwan gishiri tun safe, in ya lalace ni zan ci. Aka watse, kowa yana tsaki.

Saura Alhamis ɗaya tak, washegarinta Juma'ar da aka yanka mana. Na ajiye girman kai na shiga gida-gida. Har gidan surukina na je, mahaifin matata, mutumin da ko ido ban taɓa haɗawa da shi ba. Na tuɓe takalmi tun daga zaure, na durƙusa, muka gaisa, na karanta masa abin da ke tafe da ni. Ya ja carbinsa, sannan ya ce, "Kai ka yi?"

"Na yi, Baba."

"Kuma ba ka ga komai ba?"

"Ko ciwon kai ban yi ba."

"To shi ke nan. Tunda kai ka yi, ni wane ne? Ka sa da ni."

Na fito daga zauren nan na sa takalmina. Ƙaryar majalisa daban, ƙaryar gaban suruki daban. Amma na lallashi kaina da cewa gobe war haka an gama, ba mai sake tada zancen.

Ranar Alhamis Allah ya taimake ni suka cika: mahaifiyata da ƙanwarta, surukina, abokina, ladanin masallacinmu, wasu mata maniyyata biyu da suka zo tun daga Dangora, mata biyu abokan suyar mahaifiyata, sai wani ƙaton masunci maƙwabcin abokina, irin mutanen da ke ɗaga kwalekwale su kaɗai. Na ƙirga su sau uku kamar mai kiwon awaki. Goma cif. Malama ta fito ta ƙirga da kanta, ta gyaɗa kai, ta shimfiɗa auduga a kan tebur, ta fara jera allurai.

Ƙaton nan ya dubi allurai, ya dubi malama, ya ce zai ɗan zaga. Muka jira. Minti biyar, minti goma. Asibitin namu daga bayansa ana hango ruwa, don haka na zagaya in kira shi. Sai ga shi can cikin kwalekwalensa ya yi nisa, yana tuƙi kamar kada ne ya biyo shi. Na ƙwala masa kira har muryata ta dishe. Hannu kawai ya ɗaga min.

Na dawo na tsaya a gaban malama, raina ya gama ɓaci. "Tara ne, Malama. Tara! Saboda Allah, a kan na mutum ɗaya za ki hana tsohuwa sauke farali?"

"Malam, ba ni na kafa dokar ba. In aka kore ni kai za ka riƙe ni?" Ta dafa bayanta ta zauna. "Ni ma abin ya dame ni. Da a ce ba ka yi taka ba, ai da kai ne cikon goman."

Ta faɗa ne ba da wata manufa ba, amma sai na ji kamar ta watsa min ruwan zafi. Na ce bari in duba cikin gari. Na hau babur na zagaye garin nan kaf, kowa yana gona. Na tare mai facin taya, ya ce shi ba ya shan ko maganin ciwon kai. Na tare wata mai tallan nono, da ta ji abin da nake so ta ɗauki ƙwaryarta ta ƙara gaba, ko waiwaye babu. Ina tafe ina zagin mutanen garinmu a zuci, matsorata, marasa kan gado, alhali mutum na goma yana zaune a kan babur ɗin yana riƙe da kansa.

Da na dawo an kusa kiran azahar. Malama ta ce ƙanƙararta ta fara narkewa, dole ta mayar da maganin firji. Ta fara kwashe alluran da ta jera. Mutanen Dangora suka miƙe suna salati. Mahaifiyata ta tashi a hankali, ta kakkaɓe mayafinta, ta ce wa ƙanwarta, ba ni ba, "Tashi mu je. Allah bai nufa ba. Shi ma mai gidan haka ya jira har ya tafi."

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi ƙorafi ba, kuma wannan ne ya karya ni. Na ji bakina ya ce, "Malama, dakata. Mu goma ne. Ni ban yi ba."

Ban iya duban inda surukina yake ba, ƙasa kawai nake kallo ina fatan ta tsage. Abokina ne ya fara magana, a hankali, kamar mai yi wa kansa ta'aziyya: "La ilaha illallahu. Ashe cokalin banza muka yi ta mannawa."

Na ɗauka mahaifiyata za ta yi murna, ko ta yi min faɗan ƙarya. Ko ɗaya ba ta yi ba. Ta juyo ta ce wa malama, "Rufe akwatinki, 'yar nan. Ba za a yi masa ba."

"Inna..."

"Yi min shiru. Ka ɗauka ban sani ba? Tun ranar da aka zo aka ce min wai ka yi a Kano na san ƙarya ce. Kai da sai mutum uku sun danne ka ake yi maka allurar zazzaɓi? Na yi shiru ne don na ji daɗi da ba ka yi ba." Ta dubi malama. "Ni na gama haihuwata, ko me ke cikin kwalbar nan ba abin da zai rage ni da shi. Shi kuwa bai fara ba. Makka tana nan inda take. In da rabo na je wata shekarar, in babu, Allah ya ga niyyata."

A gaban surukina ta faɗi wannan. Abin da na ɓoye wa matata shekara guda, ta shanya shi a rana gaban mahaifin matar, da ladan, da baƙi daga Dangora. Ashe duk kwanakin nan da nake yawo cikin taɓo ina jin haushin taurin kanta, tsoron da ke cikina shi ne a cikinta, kuma ta riga ta yanke abin da za ta bari a kansa.

Malama ta miƙe da ƙyar, ta nuna cikinta da hannu biyu. "Inna, ni bara aka yi min, duka biyun. Dubi abin da nake fama da shi a bayan babur."

Mahaifiyata ta ce, "Ke mace ce. Shi namiji ne."

Na rantse a nan haushi ya fi tsoro ƙarfi a raina. Sau uku ina zama gaban matar nan da cikinta, da ilimina da komai, ban taɓa haɗa lissafin ba. Ga shi an haɗa min, tsohuwa kuma ta warware shi da kalma biyu. Na ja kujera na zauna, na naɗe hannun riga, hannun nan dai da aka yi wa gwajin cokali, na ce, "Malama, buɗe kwalbar. Ki fara da ni."

"Ban yarda ba," in ji mahaifiyata.

"Ki yafe min, Inna."

Tunda nake ban taɓa saɓa mata magana a gaban idonta ba sai ran nan. Kuma kada wani ya ɗauka jarumtaka ce, sai da abokina ya riƙe min kafaɗa yana dariya ƙasa-ƙasa. Na runtse ido ina jiran azaba, sai na ji malama ta ce, "Tashi mana, Malam, akwai mutane a bayanka." An gama tun ɗazu ban sani ba.

Da yake an riga an buɗe kwalba, sauran suka bi layi. Surukina ya karɓi tasa, ya gyara babbar rigarsa, da zai wuce ta gabana ya ɗan tsaya ya ce, "Haihuwa ta Allah ce, Malam. Ƙarya kuwa taka ce." Ya sa kai ya fita. Da ma mari ya yi min da ya fi min sauƙi. Mahaifiyata ce ta ƙarshe. Ta zauna ta kau da kai, aka yi mata, ta karɓi katinta ta ƙulle a bakin zane, ta wuce gida. Sati guda tana amsa gaisuwata da ka.

Washegari na kai katin, hannuna ya yi tsami ko alli ba na iya ɗagawa. Bayan makonni muka koma aka yi mana ta biyu, wannan karon ba wahala, don mu goman nan mun zama kamar 'yan ƙungiya, kowa ya san in bai zo ba tara za su kwana suna tsine masa. Mahaifiyata ta tafi Makka, ta dawo lafiya.

Yau 'ya'yanmu biyu, mace da namiji. Za ka ce gardama ta ƙare, na ci. Ina! A wajen mahaifiyata allura ta yi ɓarnarta, addu'arta ce ta gyara. Na daina musu, don ba a cin ta a gardama. Abin da na koya dai shi ne, mai yi wa mutane faɗan tsoro da ƙarfi, a duba aljihunsa, sau da yawa nasa ya fi na kowa nauyi. Kwana goma ina kiran mutanen garinmu matsorata, alhali ƙaton da ya gudu a kwalekwale ya fi ni gaskiya, shi bai ce wa kowa ya yi ba.

Ɗaya daga cikin matan Dangora da suka yi tafiyar tare ce ta ba ni sauran labarin, da ta zo barkar haihuwar 'yarmu ta fari. Ta ce tun daga Madina har Arfa, duk inda aka ce nan ana karɓar addu'a, abu ɗaya mahaifiyata take roƙo, Allah ya ba ni haihuwa, har sai da suka ce mata ta bar wa kanta wani abu mana. Na je na tambaye ta ko haka ne. Ta ce haka ne, kuma laifina ne: saboda taurin kaina ta ƙarar da Hajjinta kaf a kaina, ko sauƙin ciwon gwiwarta ba ta samu ta roƙa ba.

Har yau, duk ranar da gwiwar ta motsa, tana zaune da jika a cinya, ni take harara.